Dashen ƙoda: Ledar jinin yau ka iya rufe ƙofar gobe

A Azare da sauran garuruwan masarautar Katagum, babban burin iyalan mai ciwon ƙoda shi ne a yi masa dashe, aikin da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara tun 2002. Sai dai wani lokaci ɗan'uwa kan yarda ya bayar da ƙodarsa, amma gwaji ya nuna jikin majinyacin ba zai karɓe ta ba.

Dalili kuwa, garkuwar jiki ba ta mantuwa. Yawan ƙarin jini, juna biyu ko wani dashen da aka taɓa yi kan sa ta tanadi sinadaran yaƙar baƙuwar ƙoda. Shi ya sa jikin mace kan ƙi ƙodar mijinta ko ta ɗanta.

Akwai mafita. Ana iya tace waɗannan sinadarai daga jini, amma da tsada. Hanya ta biyu ita ce musaya, wadda Koriya ta Kudu ta fara a 1991: iyalai biyu da ba su dace da majinyatansu ba, sai kowane ya bai wa na ɗayan. Ba ciniki ba ne, domin Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta sayar da sassan jiki.

Ya kamata gwamnati ta kafa rajistar musaya tsakanin asibitocin Arewa, ta kuma sauƙaƙa kuɗin allurar erythropoietin mai haɓaka jini, domin rage dogaro da ƙarin jini ga masu wankin ƙoda. Rigakafi dai ya fi magani.