FILIN MATA: Gansakuka Ma Da Ranarta

Yau zancenmu a kan gansakuka ne, wadda muke kankarewa a gindin randa muna yatsina.

Ku sani a cikin teku akwai danginta ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Kullum rana na dukansu, saboda haka sukan yi waɗansu sinadarai na tsare kai. Kun ga yadda ƙarfe ke tsatsa, ko man gyaɗa ya daɗe ya yi ɗaci? Aikin iska ne, kuma irin wannan ɓarna tana aukuwa a jikin mutum. To, sinadaran nan suna rage ta. A tafkunan gishiri na Ostireliya ana noman wata iri mai rina ruwa ja, ana cire karotin daga jikinta, wato abin da ke ba karas launi. Man kifin teku kuwa mai taimakon rage kumburi, wanda ake kira omega-3, asalinsa daga gansakukar teku ne, kifi ci ya yi ya tara.

Kada ku ce abin na Turawa ne kaɗai. A ƙasar Kanem, gabas da Tabkin Chadi, matan Kanembu sun daɗe suna kwasar wata iri a tafkunan kanwa. Sukan zuba ta a ramin yashi ta tsane, ta bushe, su yanka gunduwa-gunduwa, su sa a miya. Sunanta dihe. Wani masanin tsirrai na Beljiyam, Jean Léonard, ya gan ta a kasuwar Chadi a 1964, aka auna aka ga fiye da rabinta abinci ne mai gina jiki. Ita ce sifirulina da ake sayarwa cikin kwalabe da tsada.

Amma ina jan kunnenku. Kada yarinya ta ɗebo ta kududdufi, gama wata tana da dafin da ke kashe dabba, ya lalata hantar mutum. Kuma kada mai talla ya ruɗe ku. Wata maƙwabciyata ta bar maganin hawan jini saboda ƙwayoyin nan, sai da aka kwantar da ita asibiti. Abinci ne, ba ya maye gurbin magani.

In kuɗin cefane kaɗan ne, karotin na nan cikin manja da zogale da kabewa. Ku sa wa yara a miya.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.