Wa Ya Ci Kuɗin Adashi? Kira Ga 'Yan'uwana Ɗalibai Kan Alamar Zancen Wani

'Yan'uwana ɗaliban Hausa, akwai wani sakaci da ya zame mana jiki, wato rubuta maganar wani ba tare da alamar zancen wani ba. Wasu na ganin wannan alama ado ce kawai. Ni kuwa ina ganin rashinta kan juya ma'ana gaba ɗaya.

Mu dubi waɗannan jimloli biyu:

Ladi ta ce na ci kuɗin adashi.
Ladi ta ce, "Na ci kuɗin adashi."

A jimla ta farko ni marubuci ake zargi da cin kuɗi. A ta biyu kuwa Ladi ce ta amsa laifinta da bakinta. Kalmomin ba su canza ba. Waƙafi da alamar zancen wani da babban baƙi su ne suka raba mai laifi da marar laifi.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Bayan "ya ce" ko "ta ce" a sa waƙafi, a buɗe alamar, a fara maganar da babban baƙi. Aya ko alamar tambaya ta zo kafin a rufe. Idan an katse jimla da "in ji", sauran ta ci gaba da ƙaramin baƙi: "Gobe," in ji Tanko, "za mu tafi Jos." A hira kuma, kowane mai magana a ba shi sabon sakin layi. Idan aka sa "cewa" ko "wai", rahoto ake bayarwa, saboda haka alamar ba ta da gurbi.

Wani zai ce ai ajami ba shi da babban baƙi, kuma kakanninmu sun fahimci juna. Gaskiya ne. To amma boko muke rubutawa, kuma tun 1912 da Hanns Vischer ya fitar da dokokin rubutun Hausa ake ta ƙoƙarin daidaita shi, har zuwa taron Bamako na 1966. Bai kamata mu da muke nazarin harshen mu zama masu rusa wannan aiki ba.

Gobe mu ne malamai da 'yan jarida da masu fassara a kotu. Wanda ya jingina wa mutum maganar da bai faɗa ba ya zalunce shi. Don haka ina roƙon malamanmu su riƙa rage maki a kan wannan kuskure. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Allah ya sa mu gyara, amin.