Wasiƙa Zuwa Ga Masu Rubuta Wa Jama'a Takardu a Funtuwa da Malumfashi

Ya ku ma'abota alƙalami da ke zaune a ƙofar kotu kuna rubuta wa manoma jinginar gona da cinikin auduga, ina so in ja hankalinku ga takardar da mutum ke naɗa wakilin da zai yi magana da likita a madadinsa ranar da ciwo ya ɗauke masa furuci. Duk wanda ya taɓa raka majiyyaci daga Funtuwa zuwa asibitin Shika ya san yadda ake tsayawa cirko-cirko ana neman mai sa hannu a yi tiyata, alhali maigida ya tafi ci-rani, dangi kuwa kowa da nasa ra'ayi.

Ku sani Nijeriya ba ta keɓe wa wannan wakalci doka ba, saɓanin jihar Niyok ta Amurka, wadda tun 1990 ta shar'anta shaidu biyu baligai, ta kuma hana wakilin kansa zama shaida. Sai dai Kotun Ƙoli, a shari'ar Likita Okonkwo ta 2001, ta tabbatar wa baligi mai hankali haƙƙin karɓar magani ko ƙinsa. Saboda haka ƙarfin takardarku ya rataya ne ga hujjar cewa maganar tasa ce, kuma yana cikin hayyacinsa ya faɗe ta, sharaɗin da ba zai zama baƙo ga wanda ya karanta babin wakala a littafin Muhtasar ba.

Kada ku rubuta wa wanda zazzaɓi ya sa shi sambatu, komai matsin 'ya'yansa. Ku nemi shaidu adilai biyu ban da wakilin, in da hali ban da magada, gama gado yakan jawo tuhuma ko da zukata tsarkakakku ne. Idan mai takardar bai yi boko ba, doka ta wajabta a karanta masa a harshen da yake ji, marubuci ya sa sunansa da adireshinsa, kana mai takardar ya dangwala yatsa. Kada a manta kwanan wata.

Mace kuwa, daga bakinta za ku ji, ko da ta bayan labule ne, ba daga bakin miji ko wa ba, don wata macen uwarta za ta zaɓa ta wakilce ta. Ku rubuta kwafi uku: ɗaya nata, ɗaya na wakili, ɗaya a haɗa da katinta na asibiti.