Ra'ayinmu: Daga Akokana zuwa Garwa, wa zai raini Kamilu Dauda na gaba?

A watan Nuwamba na shekarar 2008 ƙungiyar Coton Sport ta Garwa, a arewacin Kamaru, ta kai wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Afirka, inda ta kara da Al Ahly ta Masar. An ci ta 2 da nema a Alƙahira, aka tashi 2 da 2 a Garwa, kofi ya tafi Masar. Abin da ya shafe mu a wannan labari shi ne ƙungiyar ta Garwa tana da 'yan Nijar uku a wannan shekara: mai tsaron gida Kasali Dauda, ɗan wasan tsakiya Lasina Abdulkarim, da wani matashin ɗan wasan gaba mai suna Kamilu Dauda, haifaffen Agadas, wanda ƙungiyar Akokana ta Arlit ta fito da shi duniya ta san shi. Wannan jarida na ganin lokaci ya yi da za a sake duba tafiyar wannan ɗan wasa, domin a cikinta akwai darasi babba ga garuruwan uraniyom da ma hukumomin wasanni na ƙasa.

An haifi Kamilu Dauda a ƙarshen shekarar 1987. Daga Akokana ya wuce Garwa, daga nan Al-Ittihad ta Tarabulus ta ɗauke shi. Yaƙin da ya ɓarke a Libiya a 2011 ya tsayar da gasar ƙasar cik, 'yan wasan waje suka watse, shi kuma ya samu wuri a CS Sfaxien ta Tunusiya, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin arewacin Afirka. Bayan Sfax ya buga wa JS Saoura ta Aljeriya, kafin ya koma Coton Sport inda ya shafe shekaru yana zura ƙwallo. Bai taɓa shahara a Turai irin yadda Musa Ma'azu ya yi ba, wanda ya tashi daga AS FAN ta Yamai zuwa Lokeren ta Beljiyam, daga can CSKA ta Mosko ta saye shi a 2009. Sana'ar Kamilu duk a cikin Afirka ya yi ta, ƙasa huɗu bayan tasa, kuma ya ci abinci da ƙafarsa cikin mutunci. Ga yaron da ke buga ƙwallo yau a Arlit, wannan hanya ta fi kusa da hannu fiye da mafarkin Faransa ko Ingila.

A rigar ƙasa kuwa, Kamilu na cikin zubin da ya fitar da Mena, ƙungiyar ƙasar Nijar, kunya. Masu shekaru ba su manta da watan Oktoba na 2010 ba, ranar da Nijar ta doke Masar 1 da nema a filin wasa na Janar Seyni Kunce, alhali Masar ce ke riƙe da Kofin Afirka sau 3 a jere. Saliyo da Afirka ta Kudu su ma sun sha kashi a Yamai. A ranar ƙarshe ta wasannin neman gurbin Kofin Afirka na 2012, cikin Oktoba na 2011, Masar ta rama da ci 3 da nema, amma Nijar da Afirka ta Kudu da Saliyo duk suka ƙare da maki 9, dokar sakamakon karawa tsakaninsu ta ba Mena gurbin. Karo na farko ke nan a tarihi, kuma a wannan shekara hukumar CAF ta zaɓi mai horar da Mena, Haruna Dula, a matsayin gwarzon mai horarwa na Afirka. Kamilu ya je gasar 2012 a Gabon, inda Mena ta sha kashi a hannun Gabon da Tunusiya da Maroko. Ya sake zuwa ta 2013 a Afirka ta Kudu ƙarƙashin Gernot Rohr, bayan an fitar da Gini, inda canjaras da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ya ba Nijar makinta na farko a gasar. Tun daga wannan shekara Mena ba ta sake taka wannan dandali ba.

Tambayar da ya kamata kowa ya yi ita ce: yaya aka yi garin da ke tsakiyar hamada, kilomita fiye da 1,000 daga Yamai, ya iya fito da ɗan wasan da ya kai wannan matsayi? Amsar tana cikin tarihin garin. Arlit gari ne da ma'adini ya haifa. An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, ya fara fitar da uraniyom a 1971. Aka kafa kamfanin COMINAK a 1974, garin Akokan ya tashi a gefen ramin Akuta. Ma'aikata suka zo daga Maraɗi, Damagaram, Tawa, Doso da Yamai, suka tarar da Abzinawa masu ƙasa, aka zauna tare. Inda ma'aikata suka taru da albashi a hannu da 'ya'ya a makaranta, ƙwallo ba ta rasa gindin zama. A inuwar wannan arziki ƙungiyoyin Akokana da Urana suka girma, har Akokana ta ɗauko Kofin Nijar a 2001. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da tun bayan nasarar Jangorzo ta Maraɗi a 1983 da ta Espoir ta Damagaram a 1984, kambun gasar lig bai sake fita daga birnin Yamai ba.

To amma inuwar da aka fake a ƙarƙashinta ta fara janyewa. A ranar 31 ga Maris na 2021 COMINAK ta rufe, bayan shekaru fiye da 40 tana haƙa. Ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan da ke aiki da 'yan kwangila, ban da masu shago, masu tuwo-tuwo da 'yan kabu-kabu da ke cin arzikin albashin ƙarshen wata. Iyalai da dama sun tattara sun koma garuruwansu. Matasan da suka rage, da yawa hankalinsu ya koma wuraren haƙar zinariya na Jado da Cibarakaten, ko hanyar Asamaka zuwa Aljeriya. Duk wanda ya zaga unguwannin Arlit da la'asar, idan rana ta yi sanyi, zai ga yara suna buga ƙwallo a kan rairayi da tsakuwa, wasu da takalmin roba, wasu ƙafa ba takalmi, an kafa duwatsu biyu a matsayin raga, ƙura ta turnuƙe har ba a gane mai ƙwallo. Basira na nan ba ta ƙare ba. Abin da ke neman ƙarewa shi ne tsanin da yaro zai taka daga wannan fili zuwa ƙungiya, daga ƙungiya zuwa rigar Mena.

Ƙungiyoyi biyu daga cikin waɗanda Kamilu ya buga wa sun isa su zama madubi a gare mu. Coton Sport, wadda aka kafa a 1986, ƙungiyar kamfanin auduga ce, SODECOTON. Garwa na da nisa ƙwarai daga Yawunde da Duwala, zafinta kuma ba baƙo ba ne ga mutumin Agadas. Duk da haka ƙungiyar ta lashe gasar Kamaru fiye da sau 15, domin kamfanin ya ɗauke ta a matsayin aiki mai tsari: cibiyar horar da yara, albashi a kan lokaci, masu neman 'yan wasa har cikin ƙasashen maƙwabta, sannan a sayar da wanda ya nuna a mayar da kuɗin cikin ƙungiya. Da haka ta ɗebo 'ya'yanmu, ta ci moriyarsu, su ma suka ci tata. JS Saoura kuma ƙungiyar garin Bashar ce, cikin saharar kudu maso yammacin Aljeriya. An kafa ta a 2008, ta hau rukunin farko a 2012, ta zo ta biyu a gasar ƙasar a 2016. Idan auduga ta iya riƙe ƙungiya a Garwa, hamada kuma ba ta hana Bashar ba, babu hujjar da za a ce garin da ya shekara fiye da 50 yana ba duniya uraniyom ya kasa riƙe ƙungiya biyu da makarantar ƙwallo ɗaya.

A watan Yuni na 2025 gwamnati ta sanar da mayar da SOMAIR hannun ƙasa. Mutane sun yi ta muhawara a kan wannan mataki, kuma ba ita ce gabanmu a yau ba. Abin da muke cewa shi ne, wanda ya karɓi gida ya karɓi nauyin mutanen gidan. Shekara da shekaru ana kukan cewa arzikin Arlit na tafiya waje, garin ya rage da ƙura da tulin sharar ma'adini. Yanzu da ragamar ta dawo gida, al'ummar Arlit na da haƙƙin ganin bambanci a asibiti, a famfo, a makaranta, har da filin wasa. Muna kira ga hukumar kamfanin ta ware wa wasannin matasa kaso sananne a kasafinta na kowace shekara, a rubuce, ta yarjejeniya da ma'aikatar magajin gari da ƙungiyoyin. Tallafin da ya dogara da son ran darakta, in ya tashi ya tafi da shi, ba zai gina komai ba. Dokar ma'adinai ta ƙasa ta tanadi kashi 15 cikin 100 na kuɗaɗen da ake samu daga haƙar ma'adini ga ƙananan hukumomin yankin da ake haƙar. Ya dace masu riƙon garuruwan jihar Agadas su bi sawun wannan kaso, su kuma sa wa matasa rabonsu a ciki.

Ita ma hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, FENIFOOT, akwai aiki a gabanta. Ƙungiyar Arlit da za ta buga wasa a Yamai sai ta bi hanyar uraniyom ta Agadas da Tawa, hanyar da duk direban bas ya san yadda ta lalace. 'Yan wasa su kwana a zaune cikin mota, ƙafa ta kumbura, su sauka su fuskanci ƙungiyar soja, ko ta jandarma, ko ta kwastan, waɗanda suka kwana a gidajensu kuma hukuma ke biyan su. Wannan gasa ba a kan daidaito ake yin ta ba. Hukumar na karɓar tallafin raya ƙwallo daga FIFA. Adalci ne a riƙa biyan kuɗin tafiya gwargwadon nisan da kowace ƙungiya ke yi, a tsara jadawali yadda ƙungiyar arewa za ta buga wasa biyu a tafiya ɗaya, a kuma kai gasar 'yan ƙasa da shekara 15 da 17 har Arlit, Cirozerin da Ingal. Nijar ta karɓi baƙuncin Kofin Afirka na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2015 da na 'yan ƙasa da 20 a 2019, matasanmu sun je Kofin Duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Indiya a 2017 har suka tsallake zagayen farko. Masu zaɓen irin waɗannan yara su daina tsayawa a inda kwalta mai kyau ta ƙare.

Shugabannin Akokana da Urana su ma kada su zauna jiran a ba su. Dokar FIFA ta ce duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba shi ga ƙungiyoyin da suka horar da shi tsakanin shekara 12 zuwa 23, ban da diyyar horarwa da ake biya idan ya sa hannu a kwantiraginsa na farko a waje. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman da ke bin wannan kuɗi ya kai shi ga masu shi. Sai dai kuɗin na bin takarda ne. Yaron da ba a yi wa rajista ba, ba shi da lasisi, ba shi da takardar haihuwa ta gaskiya, ko ya zama tauraro gobe ƙungiyar da ta raine shi ba za ta ga ko dala ba. Rajistar kowane yaro tun yana ɗan shekara 12, da adana takardunsa, aiki ne da bai fi ƙarfin sakatare ɗaya mai kwamfuta ba, kuma shi ne jarin da zai iya riƙe ƙungiya ranar da ramin ma'adini ya ƙafe.

Ga iyaye kuma muna da magana. Dokar FIFA ta hana kai yaron da bai cika shekara 18 ba wata ƙasa don buga ƙwallo, sai a wasu 'yan sharuɗɗa ƙalilan. Duk dillalin da ya zo ya ce a sayar da fili ko raƙumi a ba shi kuɗi zai kai yaro gwaji Turai, a tambaye shi lasisinsa, a kai maganar gaban hukumar ƙwallo ta jiha kafin a ba shi ko sisi. Mutanen Arlit sun fi kowa sanin abin da hanyar hamada ke ci. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92, akasarinsu mata da yara, a arewacin garin, ƙishirwa ta kashe su a hanyar Aljeriya. Kamilu Dauda ya bar gida ne da kwantiragi a hannu, daga ƙungiya zuwa ƙungiya. Yaro ya riƙe karatunsa, ya buga wa ƙungiyar garinsu, wanda ya iya za a zo nemansa har gida.

A ƙarshe, zubin 2012 da 2013 sun fara manyanta, kuma abin da suka gani a Garwa, Sfax da sauran wurare ilimi ne da ba a saye a kasuwa. Ya kamata a jawo su jiki, a ba su horon zama masu horarwa, a damƙa masu yaran jihohinsu tun suna da ƙarfin tsayawa a fili. Muna kira ga gwamnan jihar Agadas, hukumomin garin Arlit, shugabannin SOMAIR da na FENIFOOT su zauna teburi ɗaya kafin a buɗe kakar wasa mai zuwa, su fito da yarjejeniya a rubuce a kan fili, kuɗin tafiya da makarantar ƙwallon yara, su kuma karanta ta a gaban jama'ar Arlit domin kowa ya san wanda zai tambaya idan ba a cika ba. Allah ya ba su ikon sauke wannan nauyi.