Doka a Aljihun Tebur, Matasa a Gadon Asibiti

Tun shekarar 2015 Nijeriya ke da dokar taƙaita shan taba. Shugaba Goodluck Jonathan ne ya sa mata hannu ana gab da zai sauka, a 2019 kuma aka fitar da ƙa'idojin aiki da ita. Ta hana sayar da taba ga wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da ita kara-kara sai dai kwali mai kara 20, ta hana busa ta a asibiti da makaranta da motar haya. To, amma ba a aiki da ita. Wanda duk ke ganin sharri nake yi, ya fita bayan sallar isha'i, ya bi ta Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Ƙwaya a Katsina, ya tsaya gaban mai tebur. Zai ga yaron da ko gemu bai tsiro masa ba ya miƙa kuɗi, an zaro masa kara ɗaya, har da aron ashana. Ba wanda ke ɓoyewa, domin ba wanda ake tsoro.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne inda wannan ciniki yake ƙarewa. A sashen agajin gaggawa yake ƙarewa, a Babban Asibitin Katsina ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, da tsakar dare, sa'ad da aka sauko da magidanci daga Keke Napep yana dafe da ƙirji, zufa ta jiƙa masa riga. Nikotin na tsuke hanyoyin jini, yana ƙara hawan jini, hayaƙin kuma na sa jini ya yi gudaji. Daga nan sai bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. A gado na gaba yarinya ce mai asma, haƙarƙarinta na shiga da fita, ƙurar hunturu ta haɗu da hayaƙin da mahaifinta ke cika ɗaki da shi. Laifin me ta yi? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum sama da miliyan 7 a shekara, fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu ba su taɓa kai ta baki ba, shaƙa kawai suka yi.

Sai kuma shisha, wadda aka shigo mana da ita da sunan wayewa. Ka tambayi saurayi, zai ce maka ai wannan ba taba ba ce, ƙamshin 'ya'yan itace ne kawai, kuma ruwan tukunyar yana tace hayaƙin. Ƙarya ce tsagwaronta! Taba ce aka jiƙa da zaƙi, ruwan kuwa sanyaya hayaƙin yake yi har ya samu wucewa can cikin huhu ba tari. Tun 2005 hukumar nan ta yi gargaɗin cewa zaman shisha na awa guda kan iya sa mutum ya zuƙi hayaƙin da yawansa ya kai na sigari 100. Ga gawayin da ake ɗorawa a kai, wanda ke fitar da kabon monoksaid, gubar nan da ke kashe iyali guda idan an kwana da janareto a rufaffen gida. Gubar na kama jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau 200 da ɗoriya. Saurayi zai fara da ciwon kai da jiri da amai, sai a ga ya sulale.

Nan ne iyaye ke ƙarasa ɓarnar. Na'urar da nas ke maƙala wa majinyaci a yatsa ba ta bambance wannan guba da oksijin, tana iya nuna komai lafiya alhali jini ya cika da ita. Likita na buƙatar a gaya masa gaskiya. Amma abokan da suka kawo shi sun sulale tun daga bakin ƙofa, uwa kuma da aka tambaye ta ko yana shan wani abu sai ta ce, "Likita, ɗana ko goro ba ya ci." Wani kawu a gefe yana cewa iska ce, a kai shi gida a yi masa tofi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kunyar da ta hana ki magana, Hajiya, ita ce ke jinkirta maganin ɗanki.

Sigarin lantarki ma haka ake tallarsa, wai tururi ne. A Amurka, tsakanin 2019 da farkon 2020, an kwantar da mutum 2,807 saboda huhunsu ya lalace, 68 suka mutu, akasarinsu dalilin wani sinadari da aka cakuɗa a ruwan wiwi na zuƙa ba da saninsu ba. Wanda ake sayar wa 'ya'yanmu, wa ya buɗe ya ga abin da ke ciki?

Dokar nan tana da haƙora in an ga dama. A Disambar 2023 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta ci kamfanin British American Tobacco tarar dala miliyan 110. In an iya taka wannan ƙato, mai tebur da mai gidan shisha ne za su gagara?

Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa, ka ba da umarni a fara aiki da dokar nan a Katsina. Hisba da 'yan sanda su hana sayar wa yara, su hana kara-kara. Ma'aikatar lafiya ta wajabta tambayar duk wanda aka kawo gaggawa ko yana shan sigari, shisha, taba gari ko na lantarki, a rubuta a katinsa, a kuma taimaka masa ya daina kafin a sallame shi. Ku kuma iyaye, in likita ya tambaye ku, ku ji tsoron Allah ku faɗi gaskiya.