Ƙunar dutsen guga da risho: ka mayar da wayarka fayil ɗin mara lafiya

A ƙauyukan Ɗambatta, Makoɗa, Kunchi da Bichi, inda gida ke jingine da gona, da zarar hunturu ya shigo sai kurfoti ya koma ɗaki, risho ya kwana a kunne, dutsen guga mai garwashi kuma yana ajiye a ƙasa inda yaro mai rarrafe zai kai hannu. Idan tsautsayi ya auku, akan garzaya kemis ko asibitin sha-ka-tafi, a ɗaure ciwon, a dawo gida. Mafi yawan lokaci daga nan ba a sake komawa.

A ganina, kuskuren yana nan. Ƙuna ba ta nuna zurfinta a ranar farko. Sai bayan kwana 2 ko 3 ake gane iyakar ɓarnar. Wadda ta wuce mako 2 ba ta warke ba tana bukatar ƙwararre, domin tabonta kan janye fata. Yaron da ya dafa dutsen guga zai iya tashi da yatsu a naɗe, ya kasa riƙe biro ko fartanya. Ƙunar fuska, hannu, al'aura ko kan gaɓa kuwa tun farko ta babban asibiti ce, irin Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Taimakon farko shi ne ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, na minti 20. Ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja ko gashin zomo. A kuma tambayi ma'aikacin lafiya batun allurar tetanus.

Daga nan aikin wayarka ya fara. Duk lokacin wankin ciwo, ka ɗauki hoto da haske iri ɗaya, ka ajiye kwalin ashana a gefe domin a ga girman wurin. Ka ɗauki hoton katin asibiti da takardar magani, ka haɗa su a folda guda. Ka saita ƙararrawa don ranar komawa. Idan zazzaɓi, wari, mugunya ko ja mai yaɗuwa ya bayyana, kada ka jira ranar. Hotunan na likita ne, don haka kada a watsa ciwon yaro a zaurukan WhatsApp.

Abu na biyu, ka faɗi ainihin abin da ya ƙona shi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da kundin lambobin cututtuka mai suna ICD-10. A ciki, T20 zuwa T32 na bayyana wurin ƙuna da girmanta, X15 kuma na nufin taɓa kayan gida masu zafi kamar murhun girki, tukunya ko buta. A samfurin da Amurka ke amfani da shi har harafi ake ƙarawa: A don jinyar farko, D don bibiya, S don illar da ta biyo baya. Sabon kundin, ICD-11, ya fara aiki a Janairun 2022.

Ina ruwan ɗan ƙauye da waɗannan lambobi? Da irin wannan rubutu hukumomi ke ƙirga matsala, su ware kuɗi. Nijeriya tana tattara bayanan asibitoci a manhajar DHIS2, kuma abin da bai shiga rajista ba, ba zai kai can ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna na kashe mutum kusan 180,000 a shekara, galibi a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Idan an rubuta “ciwo” kawai a Kunchi, mai tsara kasafi a Kano ba zai san ana bukatar bandeji da man ƙuna a can ba.

Wani zai ce kuɗin mashin zuwa asibiti sau 4 ba wasa ba ne. Gaskiya ne, amma tiyatar buɗe yatsun da suka manne ta fi shi tsada nesa ba kusa ba. Idan kai ne mai babbar waya a gidanku, kai ya kamata ka riƙe ranar komawa, ka kuma roƙi ma'aikacin lafiya ya rubuta abin da ya jawo ƙunar a katin.