Kafin Hunturu Ya Tsaga Akushin Kaka

Damina ta ja baya. A gidajenmu na zango, daga Kumasi har Yawunde, lokacin fitar da kayan ɗaki ke nan a kakkaɓe a shanya. Roƙona ga iyayenmu mata, in kun zo kan tsofaffin kayan jere, ku dakata. Akushi, fanteka, tasar tagulla ta Bida, faifai saƙar hannu, su ne yaran yanzu ke kira tarkace, a miƙa wa mai gwangwan ya ɗora a sikeli, ko a yi musanya da bokitin roba.

Ni ɗan kasuwa ne, na san inda irinsu ke ƙarewa. 'Yan'uwanmu masu sayar da kayan gargajiya a Abidjan da Akara suna tsintarsu, Turawa su saya su kai Faransa su ƙawata falo. Ban ga laifin kowa ba, sana'a ce. Amma tasar da aka sayar nan a kuɗin ƙarfe, can aikin maƙerin ake biya, har da tsufanta.

Akushi itace ne, iskar hunturu na tsaga shi, a shafa masa man kaɗanya tun yanzu. Tagulla kuwa, tsamiya ko lemun tsami da toka na fito da haskenta, sai dai in da niyyar sayarwa kar a goge, masu saye wannan duhun suke nema. Kwanon samira da ya ɓantale a tsane shi sosai, danshin bakin teku tsatsa yake sa masa.

In ɗakin haya ya yi kaɗan, faifai uku a bango ba sa cin wuri. A kuma tambayi Hajiya wa ya ba ta kowanne, tun tana iya faɗa.